Shekarar da Babanku Ya Shiga Motar Doya

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu ba na nan. Safiya ce ta yi suɓutar baki ranar sunan ɗiyarta, ta ce wai har gobe ɗan'uwanta Abba bai huce ba, wai na bar kamfanin inshora ya cuce mu ina kallo, na bar mahaifinku yana hawa motar doya da ciwo a jikinsa, alhali ga mota tana ƙyalli a ƙofar gida. Ban ce komai ba a ranar, don gida cike yake da baƙi. Amma tunda na zauna rubuta muku abin da na gani a rayuwata, wannan shekarar ba zan tsallake ta ba, kuma ba haƙuri na zo bayarwa ba. Zan dai faɗa muku yadda aka yi, ku da kuke Legas da Kaduna a lokacin, kuna jin labari ta waya gutsure-gutsure, gwargwadon abin da mahaifinku ya yarda a gaya muku.

Mun riga mun yi ritaya mu biyu, ni daga koyarwa, shi daga ma'aikatarsu, muna zaune a gidanmu na Kubwa, sai ƙodarsa ta gaza. Sau biyu a mako sai an kai shi asibiti cikin gari an yi masa wankin ƙoda. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda layin yake. Na'urorin wankin kaɗan ne, masu jira kuwa ba iyaka. In ka makara, gadonka na wani ne, kai kuma sai ka jira ranar da aka samu gurbi. Kafin nan ruwa ya taru a jiki, ƙafafu su kumbura, numfashi ya koma kamar na wanda ya hau bene da gudu. Sau ɗaya na ga haka a jikin Malam, mahaifinku, na rantse ba zan sake gani ba. Wannan ne ya sa na koyi tuƙi da furfura a kaina, ina riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mini, shi kuma yana gefe yana kirana direban gwamna. Motar tsohuwa ce amma lafiyayya, kuma duk shekara Malam sai ya yi mata babbar inshora, wadda ake cewa ta haɗa komai. Har dariya yake wa maƙwabta masu sayen takardar bakin titi, yana cewa shi in abu ya faru kwanciyarsa zai yi kamfani ya ji da sauran.

Wata safiya cikin damina, an kwana ana ruwa, muka fito za mu asibiti. Kafin mu hau babban titi wata shuɗiyar a-kori-kura maƙare da doya ta ɓullo daga wani layi. Na ga direban yana ta taka birki, motar tana sulɓi abinta, har ta zo ta daki gaban tamu. Doya ta watsu a kwalta. Ban san lokacin da na yi salati ba, hannuna ɗaya yana kan ƙirjin Malam. Kafin mu fito mutane sun taru, kowa da hukuncinsa. Direban ya sauko, magidanci ne, ya ɗan haura arba'in, ya zo ya durƙusa cikin taɓo ta gefen da Malam yake.

“Baba, ka yi haƙuri. Birki ne ya ƙi. Mota na oga ne, ni direba ne kawai. Sunana Bitrus, kowa ya san ni a kasuwan doya na Mararaba, ba zan gudu ba.”

Malam ya dube shi, ya dubi agogon hannunsa.

“Ka ji ciwo?”

“A'a, Baba.”

“To tashi ka kwashe doyarka. Na yafe. Allah ya kiyaye gaba.”

Mutane suka ɗauki sa albarka, wannan ya ce dattijon kirki, wancan ya ce Allah ya ba da lafiya. Ni kuwa na sunkuya na ce masa a hankali, “Malam, ko lambar motarsa mu ɗauka mana.”

“Malama, dubi lokaci.”

Haka muke yi, kun sani. In an yi karo ba a rasa rai ba, babba ya ce ya yafe, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya yi tunanin kiran ɗan sanda, kuma ko an kira, wa zai jira shi? Na duba gaban motar, fitila ta fashe, bamba ya lotse, ruwa yana ɗiga a ƙasa. Wani ya ce lagireto ne, a zuba ruwa zai kai mu. Aka sayo ruwan leda aka ɗura, na tayar, muka tafi. Duk wanda ya san hanyar Kubwa da safe ya san ba gudu ake yi ba, rarrafe ne. Ina cikin cunkoso allurar zafin inji ta fara hawa. In dubi allura, in dubi ƙirjin Malam yana ɗagawa da ƙyar, in dubi titi. Wani ƙauri ya fara shigowa. Amma ƙafata ba ta bar totur ba. Muna shiga ƙofar asibitin motar ta yi wata ƙara kamar an jefa cokali cikin injin markaɗe, ta mutu. Masu gadi suka tura ta gefe, aka kawo keken marasa lafiya. Malam ya samu gadonsa.

Da janwe aka kai motar gareji. Makanikinmu, Oga Wale, ya buɗe gaba, ya daɗe yana kallo, sannan ya goge hannu ya ce, “Mama, inji ya buga. Wannan ba gyara, sai canji.” Ban wani tayar da hankali ba, na tuna babbar inshorar Malam. Washegari na yi kwalliya ta mutunci na tafi ofishinsu, wani bene mai sanyi kamar ɗakin ajiye kifi. Aka haɗa ni da wani ma'aikaci, Malam Kabiru, sa'an Abba, mai ladabi har ya yi yawa. Ya saurare ni, ya yi mini jaje, ya ce injiniyansu zai je ya duba. Aka yi ta je-ki-dawo, yau injiniya ya yi tafiya, gobe oga yana taro. Da aka gama jan rai ya kira ni, ya sa aka kawo mini shayi, daga nan na sha jinin jikina.

“Hajiya, kamfani ya amince. Za a gyara bamba, da fitila, da bonet, da lagireto, a yi fenti.”

“Inji fa?”

“Shi inji matsala ce ta daban. Ba karon ne ya lalata shi ba, zafi ne. An tuƙa motar ba ruwa bayan haɗarin. Ƙa'idarmu ba ta shafi wannan ba.”

“Wa ya fasa lagireton, ni ko motar doya?”

“Motar doya ce, Hajiya.”

“Ruwan ta ina ya zube?”

“Ta lagireto.”

“To ina bambancin? Da ba a buge ni ba, da injin zai yi zafi?”

“Da kin tsaya a wurin kin kira janwe, Hajiya, da injin yana nan lafiya.”

“Da mijina fa?”

Ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru ina koyar da yara, na san fuskar wanda ya san amsa amma an hana shi faɗa. Na gaya masa cewa ko yau aka mayar da ni wannan titin, da allurar nan a sama da mutumin nan a gefena, tuƙawa zan yi, kuma har yanzu da nake rubutun nan ra'ayina bai canza ba. Muka kai ruwa rana. Na nemi ganin ogansa, wata mata mai gilashi, ta maimaita mini maganar da Turanci, kamar Turancin zai sa ta fi daɗi. Da zan fita Malam Kabiru ya biyo ni har bakin bene, ya rage murya ya ce akwai hanya ɗaya. Wanda ya buge mu shi ke da alhakin duk ɓarnar da ta biyo baya, har injin. In na kawo rahoton 'yan sanda da bayanin direban, kamfani zai taya mu bin inshorarsa, in ba shi da ita a bi shi da mai motar. Na ce ai mun yafe masa a wurin. Ya zaro ido.

“Kun yafe? Hajiya, ai ba ku da ikon yafewa ba da sanin kamfani ba. Tunda kuka yi inshora, hakkin bin mai laifi ya zama namu da ku.”

Wannan ban taɓa jin irinta ba, wai yafiya ma sai an nemi izini.

Duk wannan zirga-zirgar da nake yi, ranakun wanki ba su tsaya jirana ba. Kuɗin wankin kansa Abba ke ɗauke da shi, kuma mun san da ƙyar yake kaiwa, shi ya sa Malam ya hana ni gaya muku zancen injin. Shatar tasi zuwa da dawowa sau biyu a mako ta fi ƙarfin fansho. Muka koma bin motar haya da safe. Ku da ba ku taɓa tsayawa a bakin titin Kubwa lokacin fitar ma'aikata ba, ba za ku gane ba. Mota tana tsayawa ake rufa mata, mai ƙarfi ya shiga. Ni ce zan kutsa in kama kujera in yi ta ihu a jira mara lafiya, shi yana baya yana jan ƙafa, yana kare hannun da ake sa masa allurar wanki kada wani ya buge. Tun daga jajibirin ranar nake rasa sukuni. In ina girki ina tunanin titi, in ina salla ina tunanin titi. In hadari ya haɗu gabana ya faɗi, don ruwa yana sauka motoci ke ɓacewa. Wata rana muka isa ana shirin kiran wani a gadonsa, ma'aikaciyar jinyar ta ce, “Mama, yau na rufa miki, gobe ba ni ce a kan aiki ba.” A ranar, da muka dawo gida, na kawo wa Malam maganar rahoton 'yan sanda.

Yana kishingiɗe a falo, ya saurare ni har na gama.

“Malama, a gaban mutane na ce na yafe.”

“Ai ba ka san injin zai buga ba.”

“Da na ce na yafe ban ce ban da inji ba.”

“Lafiyarka fa ake magana.”

“Na sani. Amma ba zan je gaban Allah da maganar da na ba talaka a cikin taɓo, na dawo na karɓe ba. Inshora ba su ji ni ba, ni na ji kaina.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa abubuwan da ba zan rubuta su nan ba. Kun san halina. Na ce a raina shi ya yafe, ni ban yafe ba, kuma ni nake riƙe da sitiyarin. Ranar da ba wanki na ce masa zan je duba wata ƙawata, na kama hanyar Mararaba, mota uku kafin in isa. Kasuwar doyar ba ta yi wuyar samu ba, Bitrus ma haka. Ina tambaya aka nuna mini shi yana tsaye ana loda wa shuɗiyar motar kaya, gabanta an bubbuge an ɗaure fitila da waya. Yana ganina ya gane ni, ya taho baki har kunne, ya rusuna.

“Mama! Yaya Baba? Jiki ya yi sauƙi? Na gaya wa mutane a coci, na ce wani Malam ya yafe mani, ko kobo bai karɓa ba. Mun yi masa addu'a.”

Na ƙi bari fuskata ta saki. Na gaya masa komai, injin, kamfanin, rahoton da suke nema. Murmushin ya tafi. Ya kawo mini benci, shi ya tsaya. Ya ce takardar inshorar motar irin ta bakin titi ce, ogansa ya saya don nuna wa masu tare hanya. In maganar ta kai ga 'yan sanda za a riƙe motar, oga zai kore shi, kuma a kansa za a ɗora injin. Ya murza hularsa a hannu.

“Amma Mama, ni ne na buge ku. In kin ce mu je, mu je yanzu. Ba zan yi ƙarya ba.”

Da ya yi musu, ko ya ɗaga mini murya, wallahi da na ja shi har ofishin 'yan sanda ban waiwaya ba, don da shirin faɗa na zo. Sai ga mutum ya miƙo mini wuyansa. Na zauna a bencin nan, ƙamshin ƙasar doya yana dukan hancina, ina ganin ƙafafun Malam a kumbure, ina ganin wannan bawan Allah da zan raba da abincinsa, kuma ko na yi hakan ban ga ta inda inji zai fito daga aljihunsa ba. Na miƙe na ce masa ya manta na zo. Na fara tafiya ke nan ya biyo ni.

“Mama, to yanzu yaya Baba yana zuwa asibiti?”

Na gaya masa. Ya tambayi ranakun. Ya ce shi ai Kubwa yake kai doya da sassafe, ya sauke ya juyo ba kaya, kuma asibitin a kan hanyarsa ta komawa yake. Ranakun kai kaya kuwa shi ke tsara su da masu saye, zai iya mayar da su ranakun wanki. Na ce a'a, mijina babban ma'aikaci ne a da. Ina faɗa na ji kunyar kaina, don babban ma'aikacin nan jiya-jiya wani ɗan kwandasta ya ture shi a bakin titi. Na haɗiye girman kai na kwatanta masa gidanmu.

Da na koma gida na gaya wa Malam inda na je. Bai yi faɗa ba, ya ce dama ya sani, don ba ni da ƙawar da nake ɗaura wa ɗamara haka. Ranar wanki ta gaba muna gama karin kumallo sai ga hon a ƙofar gida. Bitrus ya wanke gaban motar, ya shimfiɗa sabon zane a kujera, ya kawo wani ɗan akwatin katako don Malam ya taka ya hau. Muka zauna mu uku a gaba, gwiwata tana gogar giya. Da yamma mukan yi shatar tasi mu dawo, wannan ɗaya aljihunmu yana iya ɗauka. Ba zan ce muku hankalina ya kwanta ba. Kowace safiyar wanki ina bakin ƙofa ina leƙen layi, ina cewa yau ce zai gaji, yau ce motar za ta lalace, yau ce ogansa zai hana. Wata rana taya ta fashe masa a hanya, ya bar motar da doyar a hannun wani mai faci, ya zo da tasi da kuɗinsa. Shi da Malam suka zama abokan hira, suna musu kan siyasa da ƙwallo, Malam yana ce masa matuƙin da ba birki, shi yana ce masa Baba Inshora.

Na koma wurin Malam Kabiru na ce ba rahoton da zan kawo. Ya ce in sake tunani, na ce na gama. Suka gyara abin da suka ce za su gyara, tsakani da Allah sun yi aiki mai kyau, aka jawo motar da janwe aka ajiye a ƙofar gida, fuska sabuwa fil, ciki ba rai. Ita ce motar da ka gani tana ƙyalli, Abba, ranar da ka zo ba sanarwa ka tarar ana ɗora mahaifinka a a-kori-kura. Da ka ji inji ne ya buga ka yi faɗa, ka ce mun zubar maka da mutunci, ka ce za ka ɗauki lauya, ka ce za ka ci bashi ka sayi inji. Mahaifinka ya ce maka kuɗinka su tafi wanki, sauran ba ruwanka, ya kuma harare ni kada in ƙara ko kalma. Na yi shiru, kai kuma ka ɗauki shirun nan a matsayin sakaci, ka riƙe shi har yau. Na yi ta tara kuɗin adashi don injin, ciwo yana cinye su kafin su kai.

To ga abin da nake so ku riƙe. Daga ranar da Bitrus ya fara zuwa har ranar da aka kwantar da mahaifinku kwanciyar da bai tashi ba, damina ta wuce, wata ta zo, bai sake rasa gadonsa na wanki ba ko sau ɗaya. Ba motar doya ce ta rage masa kwana ba. Likita ya gaya muku abin da ya ɗauke shi, kuna wurin.

Ranar jana'iza, da aka yi sahu a ƙofar gida, akwai wani mutum da ya tsaya can gefe jikin katangar maƙwabta, hula a hannu, bai shiga sahu ba don ba addininsa ba ne. Da aka dawo daga maƙabarta yana nan bai tafi ba, yana taya jera kujeru. Kai Abba ka ɗauka cikin masu kawo rumfa yake, ka zaro kuɗi ka danƙa masa, ka ce an gode, ya iya tafiya. Ba ka gane shi ba, don ranar da ka gan shi a baya motar ka kalla, ba direban ba. Ya karɓa don kada ya kunyata ka a gaban mutane, ya zagaya ta ƙofar baya ya ba Safiya ya ce a sa a sadakar Baba. Ina ɗaki cikin mata, sai daga baya na ji.

Yana nan a kasuwar doya ta Mararaba, motar ma tana nan, shuɗiya. Ranar da ka shigo Abuja, kafin ka zo gaishe ni, ka fara biyawa ta can. Ka tambayi Bitrus, ka ce masa kai ne ɗan Baba Inshora.